Kufai a Matsayin Hujja: Sharhi kan Waƙar Al-Inkishafi

Pate tsibiri ne a gaɓar Tekun Indiya, arewa da Lamu a ƙasar Kenya. Ƙasa ce ta masunta da manoman kwakwa, kewaye da itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri. A ƙarni na 18 birni ne mai arziki ƙarƙashin sarakunan gidan Nabahani, amma yanzu ƙauye ne a gefen kufai. A wannan yanki Sayyid Abdallah bin Ali bin Nasir ya rubuta Al-Inkishafi da Sawahilanci cikin ajami, wajen farkon ƙarni na 19.

Wanda ya saba da waƙoƙin wa'azi na malaman jihadi ba zai ji baƙunta ba. Jigon shi ne gudun duniya, baiti ɗango huɗu ne, da babban amsa-amo guda har ƙarshe. Wannan kamanni ne ya sa ake yi mata gurguwar fahimta. Sunan da William Hichens ya ba fassararsa ta 1939 yana nufin farkawar ruhi, na James de Vere Allen a 1977 shi ma ruhi ya ambata, sai ka ce Pate ado ce kawai aka yi wa wa'azi.

A ganina ba haka ba ne. Inda mawaƙin ya kamanta duniya da teku mai haɗari ko kawalwalniya, kayan gado ya ɗauko, kowane malami yana da irinsu. Ƙarfinsa yana inda ya shiga gidajen attajiran nan ɗaki ɗaki: fitilu, tangaran na ƙasar Sin, ƙamshin turare, sannan ya komo waɗannan ɗakuna ya tarar da jemage da mujiya da yanar gizo-gizo. Masu sauraronsa sun san gidajen, wasu ma jikokin masu su ne. Kufan shi ne hujjar, ba sai an yi dogon bayani ba.

Sai dai kada mai tarihi ya ruɗu. Waƙar ba ta faɗi abin da ya karya Pate ba, ba rikicin gadon sarauta, ba gasa da Lamu wadda ta kai ga yaƙin Shela wajen 1812. Bayin da suka noma gonakin da suka ciyar da waɗannan gidaje kuwa, ko makokinsu ba a yi ba.