Salma a Tsakanin A, B, C da D

A 2021 hukumar JAMB ta sanya littafin Khadija Abubakar Jalli, The Life Changer, cikin jarrabawar Turanci ta shiga jami'a. Labarin ba wuya: Ummi na yi wa 'ya'yanta nasiha kafin Omar ya tafi Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta ba su labarin Salma, wadda girman kai da satar amsa suka ja mata kora. Rauninsa shi ne wa'azi ya danne labari. Salma ba ta zama mutum ba, ta tsaya a matsayin darasi.

Amma babban laifin ba na marubuciyar ba ne. Kwamfuta ke duba mana jarrabawar, ita kuwa amsa ɗaya tak take ganewa, sai tambaya ta koma: wa ya ce me, a ina? A Ingila, ɗalibin Turanci a matakin A-level doguwar amsa yake rubutawa kan yadda harshe ke sauyawa da yadda yaro ke koyon magana. Mu kuwa mun tura ƙannenmu jami'a sun haddace sunan Salma, ba a taɓa tambayarsu ko hukuncin da aka yi mata ya dace ba.