Yadda Gwanaye Ke Mai da Gaba Ta Zama So

Mai karanta littafin soyayyar da ta faro daga gaba ya san tun daga babin farko cewa waɗannan biyu da ke hararar juna aure za su yi a ƙarshe. Marubuciyar ma ta san ya sani. Abin da ke hana shi barci shi ne son ganin ta inda za a bi, kuma a nan ake bambance gwana da 'yar koyo.

Gwana takan fara da bai wa gabar tushe mai ƙarfi. A littafin Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a 1813, Elizabeth Bennet tana da hujjar ƙin jinin Darcy. A wajen wata rawa a garin Meryton ta ji da kunnenta yana kushe kyanta. Sai wani mai suna Wickham ya shara mata ƙarya cewa Darcy ya danne masa haƙƙi. Abin da ya fi ci mata rai kuwa gaskiya ne: Darcy ne ya shiga tsakanin abokinsa Bingley da yayarta Jane. Da dukan zargin ƙarya ne, bayanin minti biyar ya isa ya kashe labarin. Da dukansa gaskiya ne, babu mai yafe wa mutumin. Austen ta gauraya su yadda dole kowannensu ya sauko, shi daga girman kai, ita daga saurin yanke hukunci.

A babi na 34 cikin 61 Darcy ya nemi aurenta, yana neman yana gorin danginta. Ta ƙi shi ƙiri-ƙiri. Sai an san dokar gadon wancan zamani ake jin nauyin ƙin nan. Su biyar ne mata a gidansu ba namiji, don haka in mahaifinsu ya rasu gidan zai koma hannun wani ɗan'uwa, Collins. Ga mai samun fam dubu goma a shekara, ta ce ba ta so. Daga nan babu mai iya cewa don kuɗi ta so shi daga baya.

Washegari ya miƙa mata wasiƙa hannu da hannu. Wannan shi ne wurin da na fi jinjina wa. Al'adar Ingila ta lokacin ba ta bar saurayi da budurwa su yi ta keɓewa suna warware matsala ba, sai Austen ta ci ribar takurar. Elizabeth ta karanta cikin fushi, ta ninke, ta sake buɗewa, tana auna kowace jimla da abin da ta gani da idonta. Mai karatu yana kallon zuciya tana juyawa a hankali, ba tare da kowa ya taɓa hannun kowa ba. Bayan haka sai shaidu suka biyo daga bakin wasu: mai kula da gidansa na Pemberley, wadda ta san shi tun yana ɗan shekara huɗu, da kuma labarin yadda ya biya bashin Wickham a ɓoye don rufa asirin Lydia, ƙanwar Elizabeth.

Ita Austen zamaninta ta rubuta. Georgette Heyer ce ta mai da shi labarin tarihi da littafinta Regency Buck a 1935, inda ta koma shekarun 1811 zuwa 1820, lokacin da yarima ke riƙon sarautar Ingila saboda taɓin hankalin Sarki George na Uku. Heyer ta tara kundaye kan sutura, keken doki, farashin kaya da karin maganar lokacin. Dabararta a littafin mai daɗi ce: mutumin da ya yi wa Judith Taverner rashin kunya a hanya, ashe shi ne waliyyin da dukiyarta ke hannunsa. Doka ta ɗaure su wuri ɗaya, babu hanyar gudu. Masu karanta littattafan soyayya na Kano sun san ɗanɗanon nan daga labaran auren dole, sun kuma san inda ragwaye ke ɓata shi: namiji ya yi ta zalunci babi talatin, ya ce "yi haƙuri" sau ɗaya, a ce an shirya. Wannan ba ya gamsar da ni ko kaɗan.

Julia Quinn ta gaji salon a The Viscount Who Loved Me na shekarar 2000, wanda Netflix ta ɗora kashi na biyu na shirin Bridgerton a kansa a 2022. Anthony ƙanwar Kate yake nema, Kate kuma ta tare hanya saboda sunan da ya yi na neman mata. A littafin, zuma ce ta harbi Kate a lambu, Anthony ya gigice yana ƙoƙarin tsotse dafin, iyaye mata suka gan su, aure ya zama dole. Abin ya yi kama da shirme, amma Quinn ta riga ta faɗa mana tun a farkon littafi cewa harbin zuma ne ya kashe mahaifin Anthony, shi yana ɗan shekara goma sha takwas.