3.4 Rawar Editan Filin Adabi: Misalin Jaridar New Nigerian

A wannan sashe za a duba yadda editan filin adabi ke yin tasiri a kan abin da jama'a ke ɗauka a matsayin adabi. Aikinsa bai tsaya ga gyaran rubutu ba. Shi ke zaɓen littafin da za a yi wa sharhi, da mai sharhin, da kuma wanda za a bai wa damar mayar da martani.

Kyakkyawan misali shi ne jaridar New Nigerian, wadda aka kafa a Kaduna a 1966. A ƙarshen shekarun 1990, Ibrahim Sheme ne ke kula da filin adabi na New Nigerian Weekly. A lokacin ana ta taƙaddama a kan littattafan soyayya irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano. Malumfashi na ganin ba su da ingancin da zai sa su ɗore, su kuwa Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna ganin sun farfaɗo da karatun Hausa a tsakanin matasa, musamman mata. Abin yabo a nan shi ne editan ya buga ra'ayin kowane ɓangare, duk da cewa shi ma marubuci ne mai nasa ra'ayi. Ta haka littattafan da aka raina suka zama abin nazari a jami'o'i.

Sai dai wannan nazari ya gano rauni iri biyu. Na farko, da Ingilishi aka yi muhawarar a wannan fili, alhali da Hausa aka rubuta littattafan. Ke nan an yi shari'ar ne a bayan idon mafi yawan masu karanta su.

Na biyu, muhawarar ta taƙaita ga rubutaccen adabin birane, wato Kano da Kaduna da Zariya. Idan aka dubi ƙasar Yauri, gina madatsar ruwa ta Kainji a 1968 ya tayar da dubban mutane, ciki har da Gungawa mazauna tsibirai. Waƙoƙin su da na noma da tatsuniyoyin mutanen Yauri da Ngaski da Shanga adabi ne da ke bakin tsofaffi, kuma yana tafiya tare da su. Littafin da aka buga yana iya jiran mai sharhi shekara da shekaru, amma waƙar baka ba ta jira.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa ba a auna edita da abin da ya buga kaɗai, har da abin da bai tura wakili ya nemo ba.