Gwanintar Markus: Makiyayin da Ya Ɓoye Cikin Ciyawa

A ƙasashen Gabas ta Tsakiya na zamanin dā, sarki makiyayi ne, talakawa garkensa. Hammurabi na Babila haka ya kira kansa a gabatarwar dokokinsa, Fir'aunan Masar kuma ana sassaƙa su riƙe da sanda mai lanƙwasa. To, da annabi Ezekiyel, wanda aka kwasa bauta zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, ya tashi caccakar makiyayan Isra'ila a sura ta 34, kowa ya san da masu mulki yake. Ya ce sun sha nono, sun sa ulu, sun yanka masu ƙiba, amma ramammiya da karyayyiya ko oho. Sai alkawari ya biyo: Allah da kansa zai nemo ɓatattu, ya kwantar da su a makiyaya mai dausayi. A aya ta 23 kuma aka ce Dawuda ne zai yi kiwon, alhali Dawuda ya yi wajen shekara 400 a kabari. Allah ne ke nan, ko ɗan gidan Dawuda? Malaman Yahudawa suna da nasu bayanin har yau. Kiristoci kuwa sun yi imani amsoshin biyu sun haɗu a kan Yesu.

Abin da ke burge ni shi ne yadda marubutan Linjila suka nuna wannan haɗuwa. Matiyu ba ya ɓoye-ɓoye. Yakan tsaya ya ce ga annabin da ya faɗa, ga cikarsa, kamar yadda ya ɗauko maganar Mika a kan Baitalami ya haɗa da ta 2 Sama'ila sura ta 5. Markus, wanda yawancin masana ke ganin shi ya fara rubutu wajen shekara ta 70, hannunka-mai-sanda yake yi, kuma a ganina aikinsa ya fi wuya.

Dubi sura ta 6. Ya kawo walimar zagayowar haihuwar Hirudus: manyan fada, hafsoshin soja, rawar yarinya, rantsuwar ganganci, daga ƙarshe aka shigo da kan Yahaya Mai Baftisma a cikin akushi. Bai ce uffan a kan Ezekiyel ba. Nan take ya juya da mu jeji, inda Yesu ya sauko daga jirgin ruwa ya tarar da cincirindon jama'a, tausayinsu ya kama shi don sun zama garke ba mai kula. Wannan damuwar Musa ce a Littafin Ƙidaya sura ta 27, lokacin da ya roƙi magaji aka ba shi Joshuwa. Sarki na fada yana cin garkensa, ga wani a daji zai ciyar da su da gurasa biyar da kifi biyu.

Sai ɗan abin da mai gaggawa zai tsallake. Kafin a raba abinci, an zaunar da mutane rukuni-rukuni, ɗari-ɗari da hamsin-hamsin, a kan ciyawa. Matiyu da Yahaya ma sun ambaci ciyawar, amma Markus kaɗai ya ce ɗanya ce, kore shar. Marubucin da ba ya ɓata tawada wajen siffanta wuri, me ya kai shi launin ciyawa? Wanda ya tashi da Zabura ta 23 a baki ba sai an gaya masa ba. Makiyayi ya kwantar da tumaki, ya shimfiɗa musu abinci, sun ƙoshi har da ragowar kwando goma sha biyu. Wasu na cewa shaida ce kawai ta cewa lokacin Idin Ƙetarewa ne, sa'ad da tuddan Galili ke tsirowa. Yana yiwuwa, ɗayan bai kore ɗayan ba.

Sau ɗaya Markus ya fito fili a kan batun makiyayi, a daren kamu, sura ta 14, inda Yesu ya ɗauko annabcin Zakariya 13 na bugun makiyayi da watsewar garke. Ko a nan ma akwai dabara a jimlar da ta biyo, cewa bayan tashinsa zai riga su zuwa Galili. Makiyayin Falasɗinu ba ya kora daga baya, gaba yake shiga yana kira, tumaki na bin muryar da suka saba da ita. Ashe garken da ya fashe za a sake tara shi, kuma saƙon da aka ba matan da suka je kabarinsa a sura ta 16 ke nan.

Linjilar Yahaya ce ta yaye labulen gaba ɗaya a sura ta 10, inda Yesu ya kira kansa makiyayi nagari mai ba da ransa, ya bambanta kansa da ɗan ƙodago da ke arcewa in ya hangi kyarkeci. Masu sauraronsa sun san Ezekiyel, sun kuma gane girman iƙirarin. Nan wuri ya rabu biyu, wasu na cewa aljani ne a kansa, wasu na cewa mai aljanu ba ya buɗe idon makaho.