Kotun Salula: Yadda Ake Yanke Hukuncin Kisa Kafin a Rufe Gawa

A Madarunfa da kewayenta, daga Gabi zuwa Safo, daga Jiratawa zuwa Ɗan Isa, labarin kisan kai ya daina jiran rediyo. Kafin jandarmomi su iso inda gawa take, hotonta ya shiga wayoyi. Kafin a yi mata sutura, an samu wanda ya gano dalili. Kafin a tashi daga zaman makoki, an ambaci suna. Abin ya wuce a kira shi tsegumi a kau da kai, domin ya yi tsari irin nasa, yana da mabuɗi da gangar jiki da marufi kamar wa'azi ko tatsuniya, kuma ya kamata a dube shi a haka.

Da murya aka fi yinsa. Mutane da yawa a karkarar Maraɗi ba sa karanta Faransanci, wasu ko Hausar boko ba su saba da ita ba, amma kowa yana iya danna alamar magana a WhatsApp. Saƙon yakan buɗe da sallama, sai rantsuwa, sai isnadin da babu suna a cikinsa: “Wallahi wani ɗan'uwana da ke aiki a can ne ya gaya mini.” Daga nan labari, sai a ɗaure shi da karin magana, a rufe da umurni: “Don Allah kada ya tsaya a wayarka, tura gaba.” Kowane sashe da aikinsa. Rantsuwa ta zauna a mazaunin shaida. Ɗan'uwan da ba a ambata ba ya toshe bakin mai tambaya, tunda an ce ana tsoron kada a kore shi daga aiki. Karin magana kuwa ita ke ɗauke wa mai sauraro wahalar tunani: da an ce ruwa ba ya tsami banza, ko biri ya yi kama da mutum, sai kai ya gyaɗa da kansa, alhali ba a kawo ko ƙwayar hujja ba.

Gwanintar mai saƙon tana wajen kauce wa faɗin abin da yake nufi. Da wuya ka ji ya ce wane ne ya kashe. Cewa zai yi, “Ni dai ban ce komai ba, amma a tambaya, da wa aka ga marigayi ranar kasuwa?” Ya bar wa kansa ƙofar fita. Wanda ya karɓa ya sake naɗar tasa muryar, shi ba ya ɗauko “ban ce komai ba”, sunan kawai yake ɗauka. A hannu na uku tambaya ta zama labari, a na huɗu har an ƙara cewa mutumin ya amsa laifinsa.

Wanda ya taɓa zama a fada da dare ya san yadda ake cin wannan kasuwa. Butar shayi tana kan gawayi, an aje salula a tsakiyar tabarma an ƙure murya, wani ya ce, “Maida shi baya mu ji wurin nan.” Wani ya buɗa hoton da yatsu biyu yana nuna takalmi a gefen gawa, ko sawun babur a rairayi. Sai a shiga lissafin mutane: wane bai yi kuka ba wurin jana'iza, wane kuma kukansa ya yi yawa; wane ya tafi Jibiya washegari; wane ya sayi sabon babur ba a san inda ya samu kuɗi ba. Duk wanda aka sa wa ido ba shi da mafita. In ya yi shiru, an ce rashin gaskiya ne ya ɗaure masa baki. In ya fito ya kare kansa, a ce wa ya tambaye shi?

Shari'ar da ta fi nuna ƙarfin wannan al'ada da rauninta ita ce ta Hanifa, wadda Maraɗawa suka bi kamar a unguwarsu ta faru, tunda harshe ɗaya ne kuma wayar ba ta san iyaka ba. An sace yarinyar, 'yar shekara 5, a Kano ranar 4 ga Disamba 2021 tana dawowa daga Islamiyya. Makonni aka yi hotonta yana yawo, kowa da nasa hasashen. Da gaskiya ta fito a Janairun 2022, sai ga shi mai makarantar bokon da take zuwa ne, Abdulmalik Tanko, wanda ya nemi fansar naira miliyan 6, ya kuma shaida wa 'yan jarida da bakinsa cewa maganin ɓera na naira 100 ya ba ta. Yana cikin waɗanda suka fara zuwa jajanta wa iyayenta. Masu auna laifi da yawan hawaye su riƙe wannan. Jami'an tsaro ne suka kama shi wajen karɓar kuɗin fansa, ta hanyar aikin da ake yi a ɓoye, aikin da surutu ke ɓatawa.

Amma a ba jama'a haƙƙinsu. Hayaniyar da aka yi ce ta hana maganar kwanciya. Gwamnan Kano na lokacin, Ganduje, ya fito ya yi alƙawarin sa hannu a kan hukunci, uwargidan shugaban Najeriya na lokacin, Aisha Buhari, ta sa baki, kuma ranar 28 ga Yuli 2022 Babbar Kotun Kano ta yanke wa Tanko da abokin aikinsa hukuncin kisa. Wata shida kacal, a ƙasar da shari'ar kisa kan ci shekaru. Sai dai wannan zafin ne kuma ya sa, kwanaki kaɗan bayan kama shi, aka cinna wa makarantar wuta cikin dare, wurin da masu bincike ke iya buƙata. Taron jama'a ya iya matsa wa hukuma ta yi aikinta. Gano mai laifi kuwa bai iya ba, kuma bai san bai iya ba.

Ta wata matashiya mai suna Ummita ta nuna wata fuskar. Ranar 16 ga Satumba 2022 wani ɗan ƙasar Sin, Geng Quanrong, ya shiga gidansu a Janbulo ta Kano ya daɓa mata wuƙa. Tun daren aka san wanda ya yi, babu abin da ya rage a gano. Sai masu binciken waya suka juya kan wadda ke kabari: me ya haɗa ta da shi, nawa ta ci, me ya sa uwarta ta bari? Da ya faɗa wa kotu irin miliyoyin da ya ce ya kashe mata, sai aka samu abin taunawa, aka jawo maganar nan ta in ɓera da sata daddawa ma da wari. Kotu ta yanke masa hukuncin rataya ranar 26 ga Maris 2024. A tsawon wata 18 ɗin nan, shi yana da lauyoyi da tafinta da damar magana. Ita ba ta da ko ɗaya, kuma shari'ar da aka yi mata a Facebook da TikTok ba ta da ɗaukaka ƙara. Wannan ya nuna cewa abin da ke jan mutane ba lalle ne neman wanda ya yi kisa ba. Sau da yawa daɗin zama alƙali ne.

A bakin iyaka abin ya fi haka muni, domin a nan zargi yana iya zama kisa na biyu. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna tsallakowa daga dazuzzukan Katsina da Zamfara suna kai hari a gundumomin Madarunfa da Gidan Runji, su kore shanu, su ɗauki mutum don fansa, su harbe wanda ya yi gardama. Bayan kowane hari tambaya ɗaya ce a bakin kowa: wa ya nuna musu gidan? Tambayar tana kan hanya, domin masu kai rahoto suna nan. Saboda su ne ma gwamnatin Katsina ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Jibiya, a Satumbar 2021. To amma kalmar infoma in ta manne wa mutum, ba ta da sabulu. Kuma duba waɗanda take mannewa: Bafillacen da rugarsa ke bayan gari, ɗan gudun hijirar da ba a san danginsa ba, ɗan kabu-kabun da sana'arsa ce shiga ko'ina, matar da ke kai fura bakin daji, ko mutumin da ake rigimar gona da shi tun bara. Ba a cika jin an kira mai kuɗin gari ko ɗan gidan sarauta da wannan suna a saƙon murya ba.

Masu cewa ai zargi tsohon abu ne sun yi gaskiya, amma sun manta cewa na da yana da tsada. In aka yi sata aka bi sawu har ya shiga wani gari, gaban maigari ake zuwa, ido da ido, a nemi ya nuna inda sawun ya fita. Mai zargi yana tsaye, an san ubansa. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, daga Risala har Muhtasar, an yi wa zaton kisa babi guda. Ba kowane zato ake saurara ba, sai mai ƙarfi, kamar wanda aka raunata ya ambaci wanda ya yi masa kafin ya cika, ko adali guda ya ga kisan. Ko da an samu haka, sai magadan jini maza, aƙalla biyu, sun yi rantsuwa 50 ta ƙasama, kuma mutum ɗaya kaɗai ake kashewa da ita. Abin da ya fi dacewa da zamaninmu shi ne, a mazhabar, tsintar gawa a garin wasu mutane ko a gidansu ba ya cikin abin da ake kafa zargi da shi. Yau kuwa hoton gawa kusa da ruga ya isa a yanke wa rugar hukunci. Malaman da suka gindaya waɗannan sharuɗɗa sun san zuciyar wanda aka kashe wa ɗan'uwa, shi ya sa suka sa masa linzami. Mai saƙon murya yana rantsuwa sau ɗaya, a ɓoye, a kan jinin da ba na danginsa ba.

Hukuma ma tana da kasonta na laifi, kuma ƙasashen biyu sun yi hannun riga. A Nijar, tsarin da aka gada daga Faransa ya ɗora binciken manyan laifuffuka a kan alƙali mai bincike, kuma doka ta sa aikin ya zama sirri. Manufar mai kyau ce, kare wanda ake tuhuma. Amma ga mutumin ƙauye ma'anarta ita ce an tafi da wane Maraɗi, shi ke nan, sai wata da watanni babu bayani. In kuma aka sako shi don babu hujja, ba wanda ya fito ya faɗi haka, sai gari ya ɗauka kuɗi ne suka yi aiki. A Najeriya kuwa 'yan sanda sun yi shekaru suna holin waɗanda suka kama gaban kyamara, a yi musu tambayoyi da Hausa, a saka a Facebook tun alƙali bai gan su ba. Ɗaya ta bar fili, ɗaya ta koya wa jama'a cewa shari'a kallo ce. Ga shi kuma an dakatar da RFI a Nijar a Agustan 2023, aka dakatar da BBC na wata 3 a Disambar 2024, kafofin da mutane suka saba auna jita-jita da su.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Bayan harin bam na tseren Boston a Amurka a 2013, masu bincike a Reddit sun liƙa wa wani ɗalibi da ya ɓace laifin, daga baya aka tsinci gawarsa, ba ruwansa da harin, kamfanin ya ba da haƙuri. A Ingila a 2023, da wata mata ta ɓace a bakin kogi a Lancashire, 'yan TikTok suka cika ƙauyen suna leƙa gidajen mutane har 'yan sanda suka kore su. Bincike ya tabbatar nutsewa ta yi, ba wanda ya taɓa ta. A Indiya kashe-kashen da jita-jitar satar yara ta jawo ne suka sa WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a 2018. Bambancin shi ne, a can wanda aka ɓata wa suna yana iya ɗaukar lauya. A Gabi sai dai ya kwashe iyalinsa ya bar gari.

Doka tana nan. Nijar ta kafa dokar laifukan intanet a 2019, aka cire ɗauri kan ɓata suna a 2022, sannan a Yunin 2024 shugaban mulkin soja Janar Tiani ya maido da shi: shekara 1 zuwa 3 kan ƙazafi, 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Sai dai waɗanda aka fi jin ta hau kansu 'yan jarida ne da masu sukar manya, kamar Samira Sabou da aka tsare a 2020. Makiyayin da aka kira infoma bai san hanyar kotu ba, kuma tsoron ɗauri ba zai hana magana a inda hukuma ta yi gum ba.

Saboda haka kira biyu ne. Mai gabatar da ƙara na gwamnati a Maraɗi ya riƙa fitowa a gidajen rediyon jihar, da Hausa, duk lokacin da aka yi kisan da ya girgiza gari, ya faɗi abin da doka ta yarda a faɗa: an buɗe bincike, ana tsare da mutum kaza, an saki wane domin ba a same shi da komai ba. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci, kuma shi ne ba a taɓa ji. Masu riƙe da zaurukan WhatsApp na unguwa da na gari kuwa, ku bar mutane su yi ta tambayar ina aka kwana, su matsa wa hukuma iyakar matsawa, amma duk saƙon da ya ambaci sunan wanda ba a gurfanar ba, ku goge shi, ku ce wa mai shi ya kai wa jandarma ko maigari, da ƙafarsa.