Ɗakin Karatu da Tabarmar Mai Littafi a Ƙasar Kurfai

Idan aka ambaci Filinge, abin da ke fara zuwa a zuciya shi ne kwarin Dallol Boso, da shanun azawak na garken Tukunus, da gidan sarautar Mayaƙi. Ba kasafai ake haɗa sunan garin da littafi ba. Alhali kuwa mai karatu yana nan, kamar yadda yake a kowane gari mai kwaleji da lise: yaron da ya gama littafin da aka ɗora masa a aji, ya ji bai ƙoshi ba. A garuruwa irin wannan, masu nisa da Yamai, ƙofa biyu aka saba buɗe wa irin wannan yaro. Ɗaya ita ce ƙaramin ɗakin karatu na jama'a, ɗayar kuma tabarmar mai tallar littafi ran kasuwa. Shekara da shekaru ƙofofin nan biyu suna maƙwabtaka, amma ba su taɓa gaisawa ba.

Ya kamata a fara da yabon abin da ya cancanci yabo. A shekarar 1986 ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda a lokacin ake kira ACCT, ta ƙirƙiro tsarin CLAC, wato cibiyoyin karatu da raya al'adu na karkara, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da suka amfana. Tsarin ba shi da girman kai: ɗaki ɗaya, littattafai ƴan dubbai kaɗan, jaridu da mujallu, da wani mai kula da wurin, wanda sau da yawa malamin makaranta ne da ya ba da lokacinsa. Ana aron littafi a tafi da shi gida. Ana nuna silima, ana wasan kwaikwayo, ana gasa tsakanin ƴan makaranta. Ɗan talakan da bai taɓa riƙe wani littafi ba sai na aji, a irin wannan ɗaki ya fara sanin cewa ana karatu don daɗi. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

Sai dai kantocin ɗakin da Faransanci suke magana, kusan gaba ɗaya. Hatta marubutan gida ta wannan harshe ake iske su. Boubou Hama, wanda ya ci babbar kyautar adabin Afirka baƙar fata a 1971 da Kotia-Nima, da Faransanci ya rubuta shi. Haka Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980. Labarin kuwa na maƙwabta ne, na Lugu a ƙasar Arewa, inda sarauniyar ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Ɗan Kurfai zai karanta tarihin mutanen da yake cin kasuwa da su cikin harshen waɗanda suka kawo musu yaƙi, kuma idan ya koma gida ba shi da yadda zai karanta wa kakarsa shafi ɗaya. (Fim ɗin da Med Hondo ya yi da labarin a 1986 ma a Burkina Faso aka ɗauke shi.) Saboda haka duk wani buki da ɗakin zai shirya, na ƴan lakwal ne da malamansu. Matan gida, da almajirai, da dattawan da suka iya ajami, iyakarsu bakin ƙofa.

Tabarmar mai littafi kuwa ba ta taɓa samun tallafin kowa ba, kuma ba ta rasa mai tsayawa. A kanta ake shimfiɗa Ahalari da Ishmawi da Iziyya, a gefe kuma Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da littattafan soyayya da suka ƙetaro daga Kano. Daga 1990, lokacin da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, sannan Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna a 1991, waɗannan ƙananan littattafai sun yi aikin da shirye-shiryen yaƙi da jahilci da dama suka kasa: sun sa mace ta nemi karatun boko don kanta, ba don an tilasta mata ba. Littafi ɗaya yakan zaga gidaje har bangonsa ya cire. Masana sun yi musu laƙabi da adabin kasuwar Kano, wasunsu cikin raini, a 2007 kuma har ƙona wasu aka yi a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Ba a ce ba su da aibi ba. Kurakuran rubutu sun yi musu yawa, ga raba labari ɗaya kashi uku don a sayar sau uku. Amma ɗakin karatun da ya ƙi ba su kanta ya kori masu karatun da ya fi buƙata. Yau ma tabarmar ta rage kaya, domin yawancin sababbin labaran sun koma cikin wayar salula, a WhatsApp da Wattpad, ko a saurare su a YouTube.

Akwai wani gurbi da ƙofofin biyu suka bari. Hausar tabarma ta Kano ce. Mutumin Kurfai yana cewa hwari da tahiya, kuma bambancin karin harshensa ya kai a yi masa nazari na musamman: J. G. Malka ya kwatanta furucin Hausar Filinge da daidaitacciyar Hausa a mujallar Harsunan Nijeriya tun 1978. Nijar ba ta zauna hannu rabbana ba. Ta buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida tun 1973, kuma gidajen ɗab'i irin su Albasa da Gashingo sun buga littattafai da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. Cibiyar CELHTO da ta IRSH sun tara labaran baka da tsofaffin rubuce-rubuce masu yawa. Amma duka a Yamai suke, kuma hanyar da littafi zai bi ya fita daga babban birni ya iso hannun mai saye a ƙauye ita ce ba a taɓa ginawa da kyau ba.

A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar Francophonie, kuma kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ma'anar wannan ga ƙaramin ɗakin karatu a bayyane take: hannun da ya saba aiko da kwalayen littattafai ya janye, harshen da aka ɗaukaka kuma kantarsa kusan wayam take. Ga shi rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jahar Tilaberi, har yaran ƙauyuka da dama suka taru a manyan garuruwa ba aji ba allo.

Gyaran bai buƙaci jiran wata ƙungiya daga ƙetare ba. Mai kula da ɗaki yana iya zuwa kasuwa ya sayi kayan tabarma ya jera su kusa da Boubou Hama, ba tare da ya sauke Faransanci daga kanta ba, tun da har yanzu da shi ake rubuta jarrabawar BEPC da ta BAC. Yana iya ware yamma ɗaya a mako, ɗan lise ya karanta da ƙarfi, waɗanda ba su yi boko ba su saurara su yi gardama. Kuma ƴan makarantar nan, da wayoyin da ke hannunsu, suna iya ɗaukar kirarin Kurfayawa da labaran kafuwar garuruwan Dallol daga bakin tsofaffi, su rubuta su yadda aka furta, a ɗinke takardun a ajiye su a kanta ta farko daga ƙofa.