Kunnen Bakanike da Hawan Kibo

A 'yan shekarun nan an samu wasu matasan masu gyaran mota, masu yawo da na'urar bincike a jaka, da ke kiran tsofaffin kanikawan manyan motoci 'yan canki-canka. A ganinsu, wanda ya kara kunne a jikin inji ya ce nozul ne ko tobo ce, dace kawai yake nema, ita kuwa kwamfuta ba ta ƙarya. Wannan magana ta wanda bai taɓa zama a gaban tirela tana fama da hawa ba ce. Sauraren mota ilimi ne mai ƙa'ida, illa dai ba a rubuta shi ba.

Sana'ar ta girma ne a kan Bedford da Marsandi 911. Daga baya aka riƙa haɗa manyan motoci a gida: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, ANAMMCO kuma tana fitar da Marsandi a Inugu. Babu ɗaya cikinsu mai ƙwaƙwalwar lantarki. Famfon injekta na ƙarfe ne zalla, don haka kanikawan Ƙofar Ruwa da Panteka da Potiskum ba su da abin dogaro sai kunne da hanci da launin hayaƙi. Soket ɗin bincike sai a 1996 ya zama dole a kan ƙananan motoci a Amurka, kuma har gobe da yawa daga cikin Howo da ake shigo mana da su famfon ƙarfe gare su.

Kwamfuta tana faɗin abin da sansa ta gaya mata ne kurum. Ba sansa a kan kuros ɗin farfela, ba ta a haƙoran aksul. Ko da ta nuna cewa iskar tobo ta yi ƙasa, ba za ta ce maka tiyo ne ya tsage, ko ƙurar hunturu ce ta toshe filta, ko ita sansar ce ta mutu ba. A nan ne aikin ƙwararre yake farawa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta bin sawun ƙara. Gogaggen bakanike ba ya fara tambayar yadda ƙarar take. Tambayarsa ita ce, me ƙarar take bi? Za ka ji ya ce da direba: "Malam, in ka ba ta wuta a tsaye tana yi?" In ta yi a tsaye, to juyin inji take bi, an wanke farfela da aksul gaba ɗaya. In ba ta yi sai mota na tafiya, sai ya hau su fita, ya sa direba ya taka kuloci ya bar ta ta gangara. Inji ya koma silo amma ƙarar na nan, ke nan gudun taya take bi. Boris ɗin taya ba ruwansa da totur, sai dai gurnaninsa ya sauya in an karya kwana, domin nauyi ya koma ɓari guda.

Kashi na uku shi ne mai daɗin nazari, wato ƙarar da ke bin nauyi. Ita ba ta fitowa sai an taka totur da kaya a baya, kuma da an ɗaga ƙafa sai ta ɗauke. Kukan "wuuu" daga baya da ke tashi da totur ya mutu da sakinsa, yawanci haƙoran aksul ne suka ci a gefen da ke tura mota. In kuwa sai an saki totur yake kukan, hankali ya koma kan boris ɗin finiyan. "Ƙwal" guda ɗaya a lokacin tashi ko canjin giya, tare da karkarwa a ƙarƙashin kujera, kuros ne ya yi sako-sako. Huci mai kama da na kububuwa, ga baƙin hayaƙi ga kasala, iska ce ke tserewa tsakanin tobo da inji: gas na shiga daidai, iskar da za ta ƙone shi ce ta gaza. A gareji ba za ka ji wannan ba ko ka kwana kana ba ta wuta, saboda tobo ba ta cika ƙarfinta sai inji na jan kaya.

Haka rashin ƙarfi yake. Mota ta yi lafiya lau a silo, ta isa Hawan Kibo ɗauke da siminti ta fara shaƙewa ba tare da hayaƙi ba, gas ne bai isa ba, a duba filta ko iska a layin mai. Inji ya yi ta ihu a babbar giya amma mota ba ta ƙara gudu, ga ƙauri na tashi, kuloci ne ke sulɓewa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari kuwa ko gas ne bai ƙone ba ko ruwa ya shiga silinda. Ina canki-canka a nan? Kowane mataki yana fitar da wani sashe daga zargi har a rage saura ɗaya.

Akwai kuma gwajin sifana. Inji na silo yana ɗingishi, sai bakanike ya sassauta notin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka sassauta murya ta faɗi, wannan silinda na aiki. Wanda aka sassauta ba abin da ya sauya, shi ne mataccen. A sababbin injina masu layin gas na bai ɗaya ba a yin haka, don matsin kan haura bar 1,600, yana iya huda fatar mutum. A nan dole a nemi kwamfuta, ban musa ba. Amma me take yi? Kashe silinda take yi ɗaya bayan ɗaya, mai gyara yana saurare. Tsohuwar dabarar ce aka mayar kan maɓalli.

Masu sukar suna da gaskiya a wuri ɗaya: akwai masu sa a sayi tobo sabuwa alhali tiyon iska ne ya fashe. Sai dai in ka bincika, irin waɗannan ba su taɓa bin mota ba, a tsaye suka san ta.

Shi ya sa nake ganin kunnen bakanike a hanya ake yin sa, gareji gyara kawai yake koyarwa. Yaron mota da ya yi shekaru tsakanin Legas da Maiduguri, yana kwana a Tafa da Mararrabar Jos, ya san muryar motarsa tana lafiya, don haka ranar da ta sauya shi ne farkon ji, sau da yawa kafin maigidansa. Da ni ke tsara koyon sana'ar, ba yaron da za a yaye sai ya yi damina da rani yana bin mota mai kaya. Bayan nan a miƙa masa kwamfutar.